Mu dasa gwaba cikin garka

Ƴan uwa manoma na Konni, Malbaza da Illela, kowa ya san kuɗin da albasar Galmi take kawowa. Amma albasa kowace shekara sai an sake dashe. Gwaba kuwa, in ta kama, shekara da shekaru tana ba da ɗiya.

Asalinta daga ƙasashen Amurka masu zafi ne. Danginta ɗaya da kanumfari da itacen turare. Ganyenta ba ya ƙarewa rani da damina, in tana samun ruwa.

Ga yadda ake dasa ta. A zaɓi wuri kusa da rijiya. A haƙa rami, faɗi da zurfi santimita 60. A gauraya ƙasar da ruɓaɓɓen taki. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa. Tsakanin itace da itace a bar mita 6. A yi dashe farkon damina, a kewaye da ƙaya, don akuya ba ta da kunya. Bayan shekara 2 ko 3 sai ta fara ɗiya.

Waɗanda suka faɗo suka ruɓe, kada a bar su ƙasa. A binne su, saboda tsutsar da ke ciki ita ce take zama ƙudan da ke ɓata sauran.

Kada a kai duka kasuwa, a rage wa yara. Bitamin C ɗinta ya fi na lemu, shi ne mai hana dasashi zubar jini. Wasu uwaye suna dafa ganyenta saboda zawo. To, amma yaro mai zawo ruwan jikinsa ke ƙarewa. A ba shi ruwan gishiri da sukari, a kai shi likita ran nan.