Yadda Ake Zaɓen Ajin Mazda MX-5: Sport, Club Ko Grand Touring

Dillalan mota suna da kalma guda da suke rufe bakin mai saye da ita, wato "ful ofshan". A kan Camry ko Highlander maganar tana da ma'ana, domin wadda ta fi kayan alatu ita ce ta fi daraja. A kan Mazda MX-5 kuwa, wadda Amurkawa ke kira Miata, wannan shawara tana iya sa mutum ya biya kuɗi mafi yawa, ya tafi da motar da babu abin da ya fi muhimmanci a cikinta.

'Yar ƙaramar mota ce mai kujera biyu, mai buɗaɗɗen rufi, ana ƙera ta a Hiroshima ta Japan tun 1989, kuma a 2016 adadin da aka ƙera ya kai miliyan ɗaya. Zubinta na huɗu, wanda ake kira ND, nauyinsa bai wuce kilo 1,060 da 'yan kai ba. A kasuwar Amurka, inda yawancin motocin tokumbo ke fitowa, aji uku gare ta: Sport a ƙasa, Club a tsakiya, Grand Touring a sama. Inji ɗaya ne a cikinsu duka, mai lita 2.0. Duk wanda ya ce wani aji ya fi wani ƙarfin inji, bai buɗe bonet ba.

Mataki na farko shi ne mutum ya shiga ya zauna, rufi a rufe. Dogon mutum kan ji kansa yana gogar rufi, but ɗin motar lita 130 ne kawai, kuma babu safaya taya, sai kayan faci. In wannan bai yi wa mai saye ba, magana ta ƙare tun daga nan.

Na biyu, a kauce wa waɗanda aka kawo daga Japan ko Ingila, domin sitiyarinsu a dama yake, Nijeriya kuwa ta koma tuƙi a hannun dama tun 1972.

Na uku, a yanke shawara kan giya kafin a yi maganar aji. Akwai giyar hannu mai hawa shida, akwai otomatik. Kayan da ke sa motar ta riƙe kwana da kyau, masu giyar hannu kaɗai ake sa wa. Club mai otomatik ta shekarun farko suna kawai take amsawa, domin ba ta da waɗannan kaya. Daga 2022 ma kamfanin ya daina ba da otomatik sai a Grand Touring.

Na huɗu, shekara. Daga 2016 zuwa 2018 injin yana ba da ƙarfin doki 155. A 2019 aka sake masa aiki ya koma 181, iyakar juyinsa ta tashi daga 6,800 zuwa 7,500 a minti ɗaya. A shekarar ne kuma aka sa kyamarar baya, aka sa sitiyarin da ake iya jawowa kusa da ƙirji, abin da ya sauƙaƙa wa dogaye zama. Sport ta 2019 ta fi Grand Touring ta 2017 daɗin tuƙi nesa ba kusa ba. An kuma yi ta ƙorafi kan akwatin giyar hannu na fitowar farko, don haka mai sha'awar ta 2016 ya nemi takardun gyaranta kafin ya taya.

Mataki na biyar shi ne inda mutane suka fi yin asara, don haka yana buƙatar natsuwa.

Tsakanin tayoyin baya akwai akwatin da ke raba musu ƙarfin inji. Iri biyu ne. Na gama-gari yana tura ƙarfi zuwa tayar da ta fi sauƙin juyawa, shi ya sa idan aka taka totur a tsakiyar kwana, ko taya ɗaya ta hau yashi, sai ta yi ta wulwulawa a banza, ɗaya tayar kuma ta rasa ƙarfi. Ɗaya irin, wanda ake kira LSD, yana hana wannan ɓarna, yana tilasta wa tayoyin biyu su yi aiki tare. A motar da tayoyin baya ne ke tura ta, kuma ba ta da nauyi, direba yana jin bambancin a kujerarsa duk lokacin da ya fito daga kwana. Tare da LSD ne Mazda ke haɗa shokozoba na kamfanin Bilstein da wani ƙarfe da ke ɗaure kawunan shokozoban gaba biyu.

Sport ba ta taɓa samun wannan haɗi ba. Club mai giyar hannu tana da shi tun 2016. Rikicin yana wurin Grand Touring. Daga 2016 zuwa 2018 ba ta da shi ko kaɗan, duk da ita ce mafi tsada: kujerun fata, taswirar hanya, esi mai daidaita kansa, amma akwatin baya irin na Sport. A 2019 sai aka ba da shi a matsayin ƙari da ake biya daban, mai suna GT-S, wanda ke nufin Grand Touring biyu na shekara ɗaya, kala ɗaya, suna iya bambanta a ƙarƙashi. Sai daga 2020 ne kowace Grand Touring mai giyar hannu ta zo da shi kai tsaye. A 2024 kuma aka sauya fasalin LSD ɗin, aka gyara sitiyari, allon gaba ya ƙara girma zuwa inci 8.8.

Saboda haka sunan aji shi kaɗai ba ya faɗin komai sai an haɗa shi da shekara da irin giya. Ana iya sa LSD daga baya, amma aiki ne na sauke akwatin baya gaba ɗaya, kuma ba kowane bakanike ne za a miƙa wa wannan ba.

Na shida, a tuna titin da motar za ta bi. Sport tana da rim inci 16 da taya mai kauri, 195/50. Club da Grand Touring inci 17 ne, taya 205/45, siririya. Ƙasan motar bai fi santimita 14 daga ƙasa ba. A titi mai ramuka da tudun rage gudu, Bilstein da siririyar taya sukan jijjiga ƙashin baya, kuma rim ɗin ba ya jure duka. Mai yawo cikin gari a natse zai fi jin daɗin Sport, kuma ba abin kunya ba ne. Kujera mai ɗumama jiki, wadda ake tallata Grand Touring da ita, an yi ta ne don sanyin Michigan. Baƙar kujerar fata a motar da aka bari a buɗe cikin ranar Afrilu a Kano kamar tandar waina take. Kujerar yadi ta fi.

Na bakwai, rufi. Na yadi da hannu ɗaya ake jefa shi baya daga zaune, babu wata na'ura da za ta lalace. Na ƙarfe, wanda ake kira RF, ya fito a 2017, da lantarki yake naɗewa, yana ƙara wajen kilo 50 da dala dubu biyu ko uku, kuma babu shi a ajin Sport. Ya fi shiru idan yana rufe, ya fi tsaro ga mai ajiye mota a waje. Idan aka buɗe shi a babban titi kuwa, iska tana yin ƙara a bayan kunne fiye da na yadi.

Akwai kuma wani ƙari da ake yi wa Club mai giyar hannu: birkin Brembo a gaba, rim na BBS, da kujerun Recaro, a kan kusan dala dubu biyar. Kyakkyawa ne, amma birkin da motar ta zo da shi ya ishe ta a titi. Recaro kuma tana matse mai faɗin jiki. A zauna a kanta tukuna.

Mataki na ƙarshe, a tabbatar da ido. Ba a rubuta sunan aji a jikin motar ba, bakin dillali kuwa ba hujja ba ne. A buɗe bonet a nemi ƙarfen nan da ya ɗaure kawunan shokozoba. A leƙa bayan taya: Bilstein rawaya ne. Sannan a ɗauki lambar shasi, wato VIN, a binciki tarihin motar a shafin Carfax, domin da yawa daga cikin motocin da ake fitarwa daga gwanjon Copart da IAAI sun yi haɗari, kuma wajen gyara akan sa musu kayan wani ajin.

Game da kuɗi, a 2024 sabuwar Sport ta fara ne daga wajen dala dubu 29, Club ta ɗara da kusan dubu uku da rabi, Grand Touring ta ɗara Club da kusan dubu biyu. A kasuwar tsofaffi wannan tazara takan ragu.

Mai son tuƙi na gaske ya nemi Club mai giyar hannu daga 2019 zuwa sama. Mai son jin daɗi tare da riƙon kwana ya nemi Grand Touring mai giyar hannu daga 2020. Wanda titin unguwarsu bai da kyau ya ɗauki Sport, ya sayi tayoyi masu kyau da abin da ya rage.