Kafin Ka Miƙa Wa Yaro Makullin Mota

A garuruwanmu yawanci a fili ake koyon mota. Da la'asar a nemi filin Idi ko na makarantar firamare, yaya ko direban gida ya zauna a gefe, yaro ya koyi tayarwa ba tare da mota ta mutu ba, ya koyi canza giya da ribas. Bayan mako biyu sai a ce hannunsa ya faɗa. To amma a fili babu tirela mai tahowa, babu ɗan acaɓa da zai ɓullo ta gefe, babu yarinya mai talla da za ta tsallaka ba ta duba ba. Hannu kam ya faɗa, ido ne bai koyi komai ba, kuma da ido ake tuƙi.

Shi ya sa nake roƙon duk mai ɗa ko 'ya da ke son fara tuƙi ya kai su makarantar da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wato FRSC, ta amince da ita. Tun 1988 hukumar take aiki, kuma tsarinta a yau shi ne sabon direba ya cika shekara 18, ya karɓi takardar izinin koyo, ya gama makaranta, jami'an VIO masu duba ababen hawa su gwada shi, sannan a ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa a ba shi lasin. Kowa ya san akwai masu cewa kawo kuɗi da hoto, ka zauna a gida lasin ya same ka. Kada ka yi wa ɗanka wannan. Katin zai fitar da shi daga hannun jami'i a shingen bincike, amma ba zai gaya masa cewa ba a wuce mota a kan kwana ko a hawan tudu ba.

Idan ka je makarantar, kada allon da ke ƙofa ya ishe ka. Tambaya ko ana zama a aji a karanta littafin dokokin hanya da alamomin titi. Duba motar koyon, ko akwai birki a ɓangaren malami. Tambaya ko suna fita da ɗalibi shataletale da hanyar kasuwa lokacin cunkoso, ko kuwa unguwa mai shiru kawai suke zagayawa. Makarantar da ta ce za ta ba ka takardar shaida ba sai yaro ya zo ba, ka juya ka bar ta.

Sai babbar matsalar, wadda ba ta bar sabo ba, ba ta bar tsohon hannu ba: waya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Ta kuma ce direban da ke amfani da waya ya ninka wanda ba ya yi kusan sau huɗu wajen yiwuwar yin haɗari. Mu yi lissafin da kanmu. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Ka sunkuya daƙiƙa huɗu ka duba wa ya turo saƙo a WhatsApp, ka wuce mita 110, fiye da tsawon filin ƙwallo, ba ka ga komai ba. A hanyar Kano zuwa Zariya, cikin wannan tazarar akwai rami, akwai garken shanu, akwai motar da ta lalace aka jera mata ganye a baya. Ko a cikin gari da ake gudun 50, daƙiƙa huɗu sun haura mita 55, kuma a nan ne 'yan makaranta suke.

Wasu za su ce su ai abin kunne suke saƙalawa, hannu biyu na kan sitiyari. Wannan ya rage wani abu, amma kaɗan ne. Mutumin da ake gaya wa kayansa sun maƙale a Legas, ko ake ja-in-ja da shi kan bashi, idonsa na kan kwalta amma hankalinsa na can. Zai ga fitilar birkin motar gabansa ta kama, ƙafarsa ta makara.

Maganin ba shi da wuya, sabo yake so. Kafin ka tayar da mota, kira wanda za ka kira, ka ce masa ka hau hanya. Idan taswirar waya za ka bi, saita ta tun kana tsaye, ka kunna murya. Karatun da za ka saurara ko tashar rediyo, zaɓa tun a ƙofar gida. Sannan ka kashe ƙarar wayar ka jefa ta inda hannu ba ya kaiwa, domin wayar da ke kan cinya sai an duba ta. In kiran ya zama dole, sa sigina, gangara gefe sosai inda masu zuwa ke hango ka, ba a kan gada ko bayan kwana ba. In akwai mutum a gefenka, miƙa masa ya amsa. Mu ma da muke gida da namu laifin: ka kira mutum ka ji ƙarar hanya, ce masa "sai ka sauka," ka kashe.

Ba waya kaɗai ke ɗauke hankali ba. Waiwaye don tsawata wa yara a kujerar baya, ɓare gyaɗa, tsayar da ido kan haɗarin da ya riga ya faru a ɗaya hannun, da ɗaukar bidiyo a ayarin kai amarya, wanda ya zama ruwan dare a wajen samari. Gyangyaɗi kuwa goro da shayi ba sa korar sa gaba ɗaya, sai an tsaya an rintsa.

Fasinjan motar haya shi ma yana da baki. Na san nauyin da ake ji, kada a ce ka cika iyayi, ko wani daga baya ya ce ai komai ƙaddara ce. Mun yarda da ƙaddara, amma ba ta hana mu kulle ƙofa da dare ba. Ka ce, "Malam direba, don Allah ajiye wayar, ko ka kawo in amsa maka." Da ladabi za ka faɗa, kuma sau da yawa da mutum ɗaya ya fara sauran za su mara masa baya.

Bayan yaro ya karɓi lasin, watannin farko su ne mafi hatsari. Ka riƙa zama a gefensa. Koya masa barin tazara: motar gaba ta wuce turken lantarki, ya ƙirga daƙiƙa uku kafin shi ya iso wurin, in ana ruwa ko hazo ya ninka. Kada ya yi tafiyar dare tukuna, kada ya cika mota da abokai, kowa ya ɗaura bel. Sa masa lambar gaggawa ta FRSC, 122, a wayarsa. Kuma ranar da kai ke tuƙi yana gefe, taka wayar ta yi ƙara, bar ta ta gama, don yana kallon abin da za ka yi.