Tuƙi a Tagwayen Hanya: Abin da Ya Kamata Direba Ya Sani

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Kano zuwa Abuja ya san yadda tagwayen titi ke ruɗin direba. Babu mota mai zuwa ta gabansa, kwalta a miƙe, sai ƙafa ta yi ta nauyi a kan totur ba tare da ya lura ba.

To, ga lissafin da ya kamata ya riƙe. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Idan direba ya sunkuya daƙiƙa uku yana duba waya, ya shafe sama da mita 80 bai ga titi ba. Shi ya sa Hukumar Kiyaye Haɗura ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, mutane kuma suke kira 'yan Rod Sefti, ta ƙayyade gudu a irin wannan hanya: ƙaramar motar gida kilomita 100, tasi da bas 90, tirela da tanka 60. Wannan iyaka ce a rana mai kyau. In ana ruwa, ko hazon hunturu ya rufe gari, mai hankali ƙasa da haka yake yi, kuma yana barin tazarar daƙiƙa uku aƙalla tsakaninsa da ta gaba.

Tun 1972 Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama. Layin dama nan ne mazaunin direba, na hagu kuwa na wuce mota ne: ya duba madubi, ya ba da sigina, ya wuce, ya dawo. Amma sai ka ga tirela ta kafe a hagu tana jan jiki, na baya ya gaji ya kutsa ta damarta, inda direbanta ba ya ganinsa sosai.

Mafi muni shi ne motar da ta lalace da dare. Al'adar yaran mota ita ce su zuba ganye da duwatsu a kan kwalta. Ganye ba ya ƙyalli a duhu, kuma in an gama gyara sau da yawa a nan ake barin duwatsun su jira wani. Abin da doka ta nema shi ne a janye motar gefe, a kunna fitilun gargaɗi, a kafa alamar nan mai kusurwa uku can nesa a baya, fasinjoji kuma su sauka su matsa daga bakin titi.

Sai taya. A jikin kowace akwai lambobi huɗu na makon da aka yi ta da shekarar: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Tsohuwar taya 'yar gwanjo, ga lodi ya wuce kima, ga zafin kwalta a watan Afrilu, ba ta jure doguwar tafiya. Idan ta fashe, kada direba ya danna birki da ƙarfi. Ya riƙe sitiyari gam, ya ɗage ƙafa daga totur har motar ta lafa. Wanda ya tarar da haɗari kuwa, lambar hukumar ita ce 122, kuma kiran kyauta ne.