Yadda Ake Ajiye Takardun Gunduma a Kwamfuta da Yadda Ake Nemo Su

Wannan darasi an shirya shi ne domin Iyayen Ƙasa da malaman ofisoshinsu a Wurno da Raba da Goronyo. Tun zamanin En'e an san darajar malami da saurin fito da takarda in an nema. Lokacin da Sa Ahmadu Bello ya zama Sarkin Raba cikin 1934, kundin haraji da na jangali su ne jijiyar aikin gunduma, kuma fayilolin Lardin Sakkwato na wancan zamani suna nan a Gidan Ajiyar Takardun Tarihi na Kaduna, ana iya karanta su har yau domin an ba kowanne suna da lamba. Yanzu kwamfuta ta shigo ofis, amma ƙa'idar ba ta sake ba. Takardar da ba a san inda take ba daidai take da wadda gara ta cinye.

1. Raba jakunkuna

Kwamfuta tana da wuraren ajiya da ake kira folda, wato jaka. Ya kamata malami ya buɗe babbar jaka guda cikin Documents, ya sa mata sunan gundumarsa. A cikinta ya buɗe ƙanana: ta iyakar gonaki da fadama, ta gado, ta shaidar zama ɗan ƙasa, ta wasiƙun Fadar Sarkin Musulmi, ta wasiƙun Ƙaramar Hukuma. Cikin kowace kuma a ware shekara shekara. Kada a zube takardu a fuskar kwamfuta, domin wannan kamar barin wasiƙu ne bisa tabarma a zaure.

2. Sa suna

Nan ne mafi yawan ɓarna take aukuwa. Takarda mai suna "wasiƙa" ko "sabuwa" ba ta gaya wa kowa kome. Sunan kirki yana da abu uku: kwanan wata, da gari, da magana. A fara da shekara, sa'an nan wata, sa'an nan rana, kamar haka: 2024-03-15 Wurno iyakar fadama. Dalili kuwa, kwamfuta tana jera sunaye bisa lambar farko, saboda haka takardun za su bi juna da kansu, tsohuwa gaba da sabuwa.

Sai a lura da rubutun sunayen garuruwa. In yau an rubuta Raba, gobe an rubuta Rabah, ko yau Goronyo gobe Gwaranyo, to, ranar nema za a sami rabi a rasa rabi. Haka nan baƙaƙe masu lanƙwasa: wanda ya nemi "kasa" sau da yawa ba ya samun takardar da aka sa wa "ƙasa". Kowane ofis ya zaɓi hanya guda, a rubuta ta a liƙa a bango, kowa ya bi.

3. Nemo abin da ya ɓace

In takarda ta ɓace, kada malami ya yi garajen sake rubuta ta, domin takarda biyu masu saɓa wa juna a kan gona guda su ne mafarin husuma. Ya buɗe File Explorer, ya rubuta kalma guda da ya tuna cikin akwatin nema da ke sama wajen dama. In bai tuna suna ba, ya jera takardun bisa ranar da aka taɓa su, ya duba makon da ya yi aikin. Abin da ya zo ta intanet galibi yana cikin Downloads. Wanda aka share bisa kuskure kuwa yana cikin Recycle Bin, ana iya mayar da shi muddin ba a zubar da kwandon ba.

4. Kwafi na biyu

Mutanen ƙasar Goronyo ba su manta da ambaliyar Gulbin Rima ta 2010 ba, wadda ta ci gidaje da gonaki masu yawa. Ruwa da wuta da ɓarawo ba su yin sallama, kwamfuta ma takan mutu dare ɗaya. Don haka kowace Alhamis malami ya kwafe babbar jakar nan cikin filas, a ajiye shi a wani gida dabam, a hannun Uban Ƙasa. Takardun iyaka da na gado kuwa a buga su, a sa hannu da hatimi, a sa cikin akwatin ƙarfe.

5. Aikin Uban Ƙasa

Ba lalle ba ne Uban Ƙasa ya iya sarrafa kwamfuta kafin ya tsare wannan amana. Sau ɗaya a wata ya ambaci wata takarda ta bara, ya ce a fito da ita a gabansa. In an fito da ita nan da nan, ofis yana kan hanya. In an shiga kame-kame, sai ya sa a gyara tun talaka bai zo da ƙararsa ba. Ranar da aka sake malami kuma, kada tsohon ya tafi sai ya nuna wa sabon jakunkuna duka, ya ba shi kalmar sirri, an kuma sake ta.

Allah ya taimaki Iyayen Ƙasa bisa riƙon amanar talakawansu, amin.