DARASIN UWARGIDA: YADDA ZA KI RAGE SANYIN DAƁEN SIMINTI A HUNTURU

Darasinmu na wannan fitowa yana magana ne a kan abin da ƙafarki ke fara takawa in kin tashi sallar asuba, wato daɓen ɗakinki. Daga Disamba zuwa farkon Fabrairu, sanyin dare a Kano kan sauko wajen digiri 12 a ma'aunin Salshiyos, kuma a siminti ake fara jin sa.

Duba tsofaffin unguwannin cikin ganuwa irin su Koki. A da ɗakunan soro ne masu kaurin bango, ƙasansu kuwa daɓe ne da mata ke taruwa su buga da madaɓi, a shafe shi da makuba ta ɓawon ɗorowa. Yanzu gidaje da yawa sun koma bulo da siminti ko tayil. An huta da shara, amma fa sanyi ya ƙaru.

To me ya sa haka? Siminti ba ya haifar da sanyi, zafin jikinki yake zuƙewa. Yana janye zafi kusan ninki 10 na yadda katako ke yi, shi ya sa a ɗaki ɗaya kujerar katako ba ta damun ki amma daɓe na ratsa ƙashi. Maganin shi ne ki raba jiki da siminti da shimfiɗa busasshiya mai riƙe iska a cikinta. Ga matakai:

1. Fara gwada laima. Ki shimfiɗa 'yar leda a kan daɓen, ki liƙe gefunanta da salatif, ki bar ta kwana ɗaya cur. In kin ɗaga kin ga raɓa a ƙarƙashinta, daɓen na tsattsafo da ruwa. Kada ki rufe irin wannan da kafet ko ledar ɗaki, sai funfuna da wari su biyo baya, su tayar wa mai asma ciwo. Tabarmar da za a iya ɗagawa a shanya ce ta dace da shi.

2. In daɓen a bushe yake, ki yi shimfiɗa hawa-hawa: kwali a ƙasa, tabarmar kaba a kai, sannan darduma ko tsohon bargo. Ledar ɗaki ita kaɗai ba ta tare komai, don ba ta da kauri. Tabarmar kaba da buzu ana samun su a Kasuwar Kurmi, wadda aka kafa tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, ga ta nan kusa da mutanen Koki.

3. Ba dole ki rufe ɗakin duka ba. Fara da inda ake kwanciya, inda yara ke zaman karatu, da wurin sallarki.

4. Kada katifa ta kwana a kan siminti tsagwaronsa. A sa mata katako ko tabarma biyu a ƙasa, a jingine ta a rana ko sau ɗaya a mako.

5. Iska mai sanyi ta ƙasa take bi. Ki naɗe tsohon zane ki toshe ƙarƙashin ƙofa, ki rufe taga tun kafin magariba. Goge ɗaki da ruwa kuwa a bar shi sai hantsi.

Su wa za ki fi kula da su? Jariri, domin jikinsa na saurin rasa zafi, tsofaffi, da yaro mai sikila, wanda sanyi ke cikin abubuwan da ke tayar masa da ciwo. Waɗannan a sa musu safa, kada a bar su zaune a ƙasa ba shimfiɗa.

Sai babban gargaɗi, 'yar'uwa. Don Allah kada ki shiga da kaskon gaushi ko kurfoti ɗaki ki rufe ƙofa ku kwanta. Gawayi na fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da launi, ba ta da wari. Takan fara da ciwon kai da jiri, mai barci kuwa yana iya wucewa bai farka ba. Haka hayaƙin janareto yake. In wani ya nuna waɗannan alamu, a buɗe ƙofa, a fitar da shi waje, a garzaya asibiti.

In maigida na shirin sabon gini ko gyaran ɗaki, ki ba shi shawara cikin ladabi ya sa magini ya shimfiɗa leda mai kauri kafin a zuba kankare. Ita ke hana laimar ƙasa hawowa, daɓen ya zauna a bushe, shimfiɗarki ta daɗe.

Aikin gida: yau da daddare ki yi gwajin ledar nan, gobe ki san irin shimfiɗar da ɗakinki ke bukata. Allah Ya ba mu lafiya da mu da iyalanmu, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.