Yadda Ake Rina Zare a Gida, a Saƙa Ƙananan Kaya da Guntayensa

Duk macen da ta daɗe tana saƙa tana da wata leda ko tsohon kwano da take tara guntayen zare. Wannan ragowar rigar sanyi ne, wancan na shawul ɗin suna, ga wani da bai kai girman ƙwai ba. Kowanne shi kaɗai bai isa aiki ba, zubar da shi kuma da ciwo. Idan hunturu ya kama a Gwandu da Kalgo, sanyin fadama ya sauko da asuba, akwai jarirai da yawa da ke bukatar hula, alhali zaren hular yana ajiye a ƙarƙashin gado. Uwargida, ina so in nuna miki yadda za ki rina zare kaɗan-kaɗan da abin da ke kewaye da ke, ki haɗa shi da guntayen nan, ki fitar da abin amfani.

Aikin zare ba baƙo ba ne a ƙasar nan. A shekarar 1853, zamanin Sarkin Gwandu Halilu, matafiyin nan ɗan Jamus Heinrich Barth, wanda ake kira Abdulkarim, ya sauka a Gwandu. Ya yaba ingancin saƙar audugar garin, ya yaba girman albasarsa da kyanta, rini ne kawai ya ce bai kai na Kano da Nupe sheƙi ba. To, audugar da albasar da ya yaba su ne za mu haɗa a tukunya ɗaya.

Kayan aiki

Farin zaren auduga mai matsakaicin kauri, ko abawa idan akwai mai kaɗi a unguwarku. Tsohuwar tukunya da ba za a sake girki da ita ba, da muciya tata ta daban. Alif, wanda wasu ke kira alam, irin wanda ake tace ruwa da shi. Bagaruwa, kanwa da sabulu. Ɓawon albasa, karan dafi, rawaya ko ɓawon kalgo. Kibiyoyin saƙa biyu masu kaurin milimita 4, babbar allura, almakashi, tef na awo, da ƙaramin littafi.

Mataki na 1: Ki san zarenki

Nan ne mafi yawan masu farawa suke yin asara. Ni ma na taɓa dafa farin ulun kasuwa a ruwan ɓawon albasa wuni guda, da na ɗauraye sai ya koma fari kamar ban taɓa shi ba. Dalili shi ne yawancin abin da muke kira ulu a kasuwa zaren roba ne, kuma rinin itatuwa ba ya kama roba.

Ki yanko ɗan zare, ki riƙe shi da tsinke, ki kusanta shi da wutar ashana. Idan ya narke ya dunƙule ya yi tauri, roba ne. Idan ya ci da sauri, ya yi ƙaurin takarda, ya bar toka mai laushi, auduga ce. Idan ya yi ƙaurin gashi, tokarsa ta murƙushe a yatsa, ulun tumaki ne na gaske. Auduga da ulu na gaske su ake rinawa. Na roba ki ware shi gefe, yana da nasa amfanin a gaba.

Mataki na 2: Ki yi ƙananan ɗauri na gwaji

Kada ki tsoma zarenki duka a rinin da ba ki gwada ba. Ki naɗe zaren tsakanin babban yatsa da gwiwar hannu sau 30. Wannan zai ba ki kusan giram 10. Ki ɗaure shi sako-sako a wuri uku don kada ya cukuikuye. Idan kin matse ɗaurin, rini ba zai shiga wurin ba, zai bar farin tabo. Ki yi irin wannan guda 10, kin sami giram 100 ke nan.

Mataki na 3: Wanki da shiri

Sabon zaren auduga yana da maiƙo da ke hana shi shan ruwa. Ki dafa shi awa ɗaya a ruwa da sabulu da ɗan gutsuren kanwa. Za ki ga ruwan ya yi duhu. Ki ɗauraye sosai.

Sai ki daka bagaruwa cikin tafi ɗaya, ki cire 'ya'yan, ki jiƙa a ruwan zafi, ki tace, ki tsoma zaren ya kwana. Abin da ke cikin bagaruwa da majema suke jima da shi, shi ne yake buɗe wa rini hanya a jikin auduga. Da safe ki matse, ki narkar da alif cokalin cin abinci ɗaya a ruwan ɗumi, ki sake tsoma zaren ya wuni. Wannan awon na giram 100 ne.

Idan ulu na gaske ne, ba ya bukatar bagaruwa, alif kaɗai ya isa. Kada kuma kanwa ta taɓa shi, tana cinye shi. Kada ki cire shi daga ruwan zafi ki jefa a na sanyi, zai cure ya zama kamar tsumma.

Mataki na 4: Rini

Ƙa'idar ɗaya ce: ki dafa abin rinin kusan awa ɗaya, ki tace, ki sa zaren yana jiƙe, ki rage wuta ta yadda ruwan zai riƙa motsi ba tare da ya tafasa sosai ba. Bayan minti 45 ki sauke, ki bar zaren ya huce a ciki, in da hali ya kwana. Abin da ruwan zafi ya dafa, in an yi haƙuri ruwan sanyi ma zai dafa. Launin da ya shiga a hankali shi ya fi daɗewa.

*Ɓawon albasa.* Wannan ba sai kin saya ba. Daga Gwandu zuwa Aliero da Jega, duk inda ake zuba albasa a buhu akwai busasshen ɓawo a ƙasa. Ki tara wanda nauyinsa ya kai aƙalla rabin na zaren. Kada ki yi mamaki: ɓawon jar albasa ba ja yake bayarwa ba. A zaren da ya sha alif, ruwan ɗorawa ne mai karkata zuwa kore. A wanda bai sha ba, ruwan ƙasa.

*Karan dafi.* Shi dukawa suke rina jar fata da shi. Da ɗan ƙanƙanin kanwa yakan ba da ja mai duhu.

*Rawaya.* Saiwarta ake dakawa, kuma daga gare ta launin ya samo sunansa.

*Ɓawon kalgo.* Bishiyar da sunanta ya zo ɗaya da na garin Kalgo ba igiya kaɗai ake samu a jikinta ba. Ɓawonta yana ba da ruwan ƙasa mai ja-ja. Ki jiƙa shi kwana biyu kafin dafawa. Ki ɗebo daga rassan da aka riga aka sare. Saɓule ɓawon gindi kewaye yana kashe bishiya.

*Shuni.* Rinin baba sana'a ce mai zaman kanta, irin wadda ake yi har yau a marinar Ƙofar Mata a Kano. Idan kina da marini kusa, ki ba shi ɗauri biyu ya tsoma miki. Shuni ba ya bukatar alif. Idan kika sa zaren da ya sha shuni sama-sama a ruwan rawaya, kore zai fito.

Zoɓo da gangamau suna da kyau a ido ranar farko, amma zoɓo yakan koma ruwan toka da ya haɗu da sabulu, gangamau kuma rana ce ke kashe shi. Kada ki sa su a abin da za a riƙa wankewa.

Tukunya ɗaya tana iya ba ki launi uku. Ɗaurin farko zai fito da duhu, na biyu da kika sa bayan an cire na farko zai fi haske. Na uku kuma, bayan ya rinu, ki tsoma shi minti 5 a ruwan da tsofaffin ƙusoshi masu tsatsa suka kwana biyu a ciki, zai koma duhu. Ki ɗauraye har ruwa ya fito fes, ki shanya a inuwa. A littafinki ki liƙa ɗan zare daga kowane ɗauri, ki rubuta abin rinin, yawansa da kwanan wata. Ranar da wata ta ce irin wannan launin take so, ba za ki yi lalube ba.

Mataki na 5: Tantance guntaye

Yanzu ki juye ledar nan a tabarma. Ki raba roba da auduga, sannan ki raba su bisa kauri. Ki naɗa kowane zare a jikin biro ki ƙirga naɗi nawa ya cika santimita 2. Waɗanda lissafinsu ya yi kusa su ne abokan tafiya. Siriri ki ninka shi biyu ya kamo mai kauri. Wajen jera launi, ki sa mai haske tsakanin masu duhu biyu. Idan launukan sun yi yawa, ki zaɓi fari ya riƙa dawowa bayan kowane ratsi, shi zai zama maɗaurin tsintsiyar.

A bayanin da ke tafe, kowane madauki da ke kan kibiya shi nake kira ido. Saƙar gaba ita ce kibiya ta shiga ido ta gaba zare yana baya. Saƙar baya kuma zare yana gabanki. Duk lokacin da za ki canza zare, ki yi a bakin layi, ki bar jela mai tsawon yatsa, daga baya ki ɓoye ta da allura. Ƙulli a tsakiyar layi yana warwarewa a wanki, yana kuma damun fatar jariri.

Aiki na farko: Murabba'i

Ki ɗora ido 20. Ki yi saƙar gaba zalla, je ka dawo, layi 40, sai ki rufe. Zai ba ki murabba'i mai kusan santimita 10, kuma ɗaurin gwaji ɗaya yakan ishe shi. Ki auna na farko. Idan ya fi haka ki rage ido, idan bai kai ba ki ƙara. Guda 48, a jera shida-shida sahu takwas, sun zama bargon jariri mai faɗin santimita 60 da tsawon 80. Wajen haɗawa, ki juya ɗaya a tsaye ɗaya a kwance, bargon ba zai miƙe ta gefe ɗaya ba. Guda ɗaya a rana bayan la'asar, kafin wata biyu kin gama. Da yayyafi kogi kan cika.

Aiki na biyu: Hular jariri

Kan sabon haihuwa yana kai kusan santimita 34 zuwa 35 a kewaye. Hula ta ɗan fi haka ƙanƙanta don ta zauna.

1. Ki ɗora ido 64.
2. Ki yi gaba ɗaya, baya ɗaya har ƙarshen layi, ki maimaita layi 8. Wannan shi ne bakin hula mai talewa.
3. Daga nan layi ɗaya gaba, layi ɗaya baya, kina canza launi bayan kowane layi 4, har tsawon ya kai santimita 9.
4. Ragewa: ki saƙa ido 6, ki haɗe biyu, haka har ƙarshe, saura 56. Ki dawo da saƙar baya. Layi na gaba ido 5 ki haɗe biyu, sai 4, sai 3, sai 2, sai 1, kina bi da layin baya a tsakani, har saura 16.
5. Ki haɗe biyu-biyu, saura 8. Ki yanke zare da tsawo, ki zura shi da allura cikin idanun, ki ja ya tsuke, ki ɗinke bayan hular.

Giram 30 ya isa. Ga jariri, ki zaɓi zare mafi laushi, ki guji wanda ya sha ruwan tsatsa da shunin da ke zuba. Gwajinsa mai sauƙi ne: ki goga jiƙaƙƙen farin ƙyalle a jiki, idan ya ɗauki launi a sake wankewa.

Aiki na uku: Tsumman sauke tukunya

Ki haɗa zare biyu na auduga, ki ɗora ido 26 a kibiya mai ɗan kauri, ki yi saƙar gaba zalla har tsawo ya yi daidai da faɗi. A kusurwa ki yi ɗan madauki na ratayewa. A nan launukan da ba su fito yadda kike so ba za su yi amfani. Amma kada zaren roba ya shiga ko kaɗan, domin zafi yana narkar da shi a hannu. Guntayen roba ki yi jakar waya da su: ido 18, tsawon santimita 32, a ninka biyu a ɗinke gefe da gefe.

Kulawa

Kayan da aka rina da itatuwa a wanke su da ruwan sanyi da sabulu mara ƙarfi. Ban da bilic, ban da jiƙawa a omo. A matse a hankali cikin tawul, a shimfiɗa a inuwa. Ratayewa tana sa saƙa ta zazzago. Idan za ki sayar ko ki kai gidan suna, ki faɗa wa mai jego wannan, domin hular da ta koɗe a wankin farko sunanki za ta ɓata.

'Yar'uwa, duk abin da na lissafa, ban da zare da kibiya, kusan kyauta ne: ɓawon da ake sharewa a kasuwa, bagaruwar da ke zuba a gindin bishiya, ƙusar da ta yi tsatsa a bayan ɗaki. Kakanninmu sun gurza auduga, sun shiɓe ta, sun kaɗa a mazari, shi ya sa ba su yar da ko taƙi ɗaya na zare. Ki fara da ɗauri ɗaya da tafin ɓawon albasa a wannan makon, ki zaunar da 'yarki ko ƙanwarki kusa da ke ta riƙa ƙirga idanu. Kafin sanyin bana ya wuce, ki tabbata wani jariri a unguwarku ya kwana da hular da kika saƙa. Allah ya sa albarka a hannu.