Amsoshin Tambayoyinku: Yaya Ake Zama Malamar Ungozoma?

Wata mai sauraronmu daga Wonaka, a ƙaramar hukumar Gusau, ta tambaya: wace hanya 'yarta za ta bi ta zama malama mai koyar da aikin jinya da ungozoma?

To Malama, sannu da wannan buri. Da farko yarinyar ta samu kiredit biyar a jarrabawar sakandare: Turanci, lissafi, fizik, kemistiri da bayoloji. Daga nan ta nemi makarantar jinya da ungozoma ta Gusau, inda karatun ungozoma kan ɗauki shekara uku, ko kuma digiri a Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato ko Ahmadu Bello ta Zariya. Hukumar jinya da ungozoma ta Najeriya, wadda aka kafa a 1979, ita ke ba da lasisi.

Kafin ta hau allo, sai ta yi shekaru a ɗakin haihuwa, sannan ta ƙara da shaidar koyarwa. Malamar kirki ita ce wadda hannunta ya san mahaifar da ta ƙi tsukewa bayan haihuwa, ta murza ciki ta tsayar da jini, ta yi wa mai jijjiga allura a kan lokaci. Za ta ɗora ɗalibai kan 'yar tsana, su busa wa jaririn da bai yi kuka ba iska cikin minti na farko, su maimaita har hannu ya saba.

Ƙauyukan Tsafe da Bunguɗu na matuƙar buƙatar irin waɗannan mata. Don Allah ki tsaya mata har ta kammala.